Miyar Da Ta Zo Babu Tuwo

Zuwa ga bawana Bazazzage, mazaunin Ikko.

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Na iso Kano lafiya. Kafin in shiga gida sai da na tsaya wurin mai gurasa na share bandashe faranti biyu, domin yunwar da na kwaso daga liyafar da ka shirya mini ta biyo ni har Ƙofar Nasarawa. Uwargida ta tambaye ni abin da aka ci a wurin manya, na ce mata an ci cokula.

Wata uku kana damuna da waya: ka zama mamba, ka zama mamba, sai na zo na ga kulob ɗinku. Na ɗauka sarauta aka naɗa ka. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin a nan ba, don kada a kira ka gaban kwamiti a ce baƙonka ya yi surutu. To, na zo, na gani, yanzu kuma sai ka yi haƙuri ka ji.

Tun daga ƙofa aka fara. Na sha babbar riga ta shadda, na kafa ƙube, ina tafe ina ƙamshi, sai maigadi ya bar fuskata ya dubi ƙafata. Wai ba a shiga ɗakin cin abinci sai da takalmi sau-ciki. Maigadin nan da Hausa ya faɗa mini, har da "Alhaji, a yi haƙuri," kai kuwa ka koma gefe kana duba agogo kamar ba tare muka zo ba. Da takalmin direbanka na shiga, shi kuma ya zauna a mota yana kaɗa yatsu. Sannan aka miƙo wani ƙaton littafi na rubuta sunana, ka sa hannu a gefe, wato idan na fasa kofi kai za a kama. Ranar nan ce kaɗai a tarihi Bazazzage ya tsaya wa Bakano.

A hanyar shiga ka tsaya kana ba ni labarin yadda ka samu shiga, kana washe baki. Sai wani tsohon mamba ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, an liƙa sunanka a allo ko akwai mai ƙorafi, an kira ka da maiɗakinka an yi muku tambayoyi, ga kuɗin shiga, ga na shekara. Ka ce al'adar daga Ingila ta zo, inda a da ake jefa ƙwallaye a akwati, fari na amincewa, baƙi na ƙi, kuma baƙi ɗaya ko biyu kan isa a mayar da mutum gida. Malam, lokacin da ka zo neman auren ƙanwarmu ba mu yi maka rabin wannan bincike ba. Laifinmu ne. Da mun ajiye akwati a zaure, ni da kaina zan zuba baƙin ƙwallo cikin mudu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ka san tarihin wuraren nan, tunda ku 'yan boko ne. Ka san Ikoyi unguwar Turawa ce a zamanin mulkin mallaka, kuma kulob ɗin Ikoyi da ake ji da shi ya samu ne a 1938 bayan an haɗe kulob ɗin Turawa da na masu wasan golf. Ka san 'yan ƙasa sai da suka kafa nasu, irin Yoruba Tennis Club a 1926 da Island Club a 1943. Ka san abin da ya faru a 1947, lokacin da otal ɗin Bristol na Ikko ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali babban ma'aikaci ne da ya zo daga ofishin kula da ƙasashen mallaka na Landan. Garin ya ɗauki zafi har Gwamna Arthur Richards ya fito ya yi magana a kan hana wariya. Wato ƙofofin nan don a tare irinmu aka fara gina su. Yau Bature ya tafi, ƙofa tana nan, an samu Bazazzage yana riƙe da sakata yana duba takalman mutane.

Mu zo kan teburi, inda aka yi ta'asar. Na ƙirga cokula masu yatsu uku a hagu, wuƙaƙe biyu da cokali a dama, ga wani ƙaramin cokali a kwance can gaba kamar an yi masa horo. Ka raɗa mini in fara daga na waje in shigo ciki. Sai ga miya a ɗan kwano, ita kaɗai. Na gyara zama na naɗe hannun riga ina jiran tuwo. Na jira, na jira, miya ta huce. Da na ɗaga kai sai na ga kana shan taka da cokali, a hankali, kamar mai jinya. Kafin in yanke shawara yaron teburi ya zo ya ɗauke tawa, har da ɗan rusunawa. Ina ji ina gani aka tafi da miyar da ba ta taɓa haɗuwa da mijinta ba.

Naman da ya biyo baya kuwa, da na yanka sai na ga ja a ciki. Ka ce haka ake so, rabin dahuwa. Mai tsiren bakin Kurmi da ya miƙo wa mutum irin wannan, ranar zai bar sana'a. Abin sha ne kaɗai ban kushe ba, Chapman ɗin nan da ake cewa a kulob ɗin Ikoyi aka fara haɗa shi, ja wur da yankan kokwamba da ƙanƙara. Zoɓo ne da ya yi karatu a waje.

Duk daren nan Turanci kake zubawa babu tuntuɓe, har na fara jin tsoron ka canza. Sai ka juyo gare ni ka ce, "Miyan nan ya yi daɗi, ko matana bai iya irinsa ba." Alhamdu lillahi, na ce, bawana yana nan. Ka ba ni labarin kulob ɗin Garrick na Landan, wanda aka kafa a 1831 amma bai yarda mata su zama mambobi ba sai a 2024, kana mamakin taurin kan Turawa. Su ai sun buɗe ƙofa daga ƙarshe. Ku Zage-zagi har gobe ba ku bar mace ta shiga nahawunku ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da za ta faranta maka rai. Na gane abin da kuke saye, kuma ba abinci ba ne. Ina kallo wani dattijo ya biyo ta teburinmu, kuka gaisa, ya tambayi yara, ya ce ka leƙo ofis ranar Talata. Maganar da za ta ci maka wata shida a hannun sakatare ta ƙare kafin a kawo shayi. Wannan na yarda ciniki ne, kuma idon Bakano ba ya kuskure ciniki. Sai dai mu a Kantin Kwari a kan benci muke yin irinsa, da ƙwaryar fura a tsakiya. A unguwarmu kuma bayan sallar isha kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gida a yi ciyayya, attajiri da mai faci hannu ɗaya a akushi, wanda ya zo wucewa a ce masa bisimilla. A wurinku kowa murya ƙasa-ƙasa kamar zaman makoki. Da na yi dariya sau ɗaya, teburi huɗu suka waiwayo.

Da aka gama na sa hannu a aljihu, don kada ka je Zariya ka ce Kanawa rowa gare su. Sai ka riƙe mini hannu: baƙo ba ya biya, doka ce. Aka kawo 'yar takarda ka rattaba hannu, wai sai ƙarshen wata a turo maka lissafi. Ashe duk wannan ƙasaita a kan littafin bashi take zaune, irin na mai shayin bakin layinmu, sai dai naku yana da bango mai kyau. Amma dokar nan ta hana baƙo biya, ban ɓoye maka ba, ta kwanta mini a rai. Wanda ya kafa ta Allah ya yi masa albarka. Da tun farko ka faɗa mini, da na nemi ƙarin naman nan a mayar da shi wuta.

Batun kuɗin shara na watan Cika-ciki kuwa, kada mu tsaya jayayyar wa ke bin wa. A rubuta a takardar nan taka, ka sa hannu.

Idan Babbar Salla ta zo ka taho Kano da ƙanwata da yara. Ba sai wani ya gabatar da kai ba, kuma ko da silifa ka zo za a shimfiɗa maka tabarma. Za a kawo tuwon shinkafa da miyar taushe a lokaci ɗaya, ka wanke hannu ka ci kamar yadda aka haife ka. Ka gaishe mini da direbanka, ka kuma saya masa sabon takalmi, domin na buɗa masa na dama.

Naka, ubangidanka Bakano.