Sannu da Ƙoƙari, Samarin Zamani

Lokaci ya yi da za a yi wa samarin Kano adalci. An daɗe ana caccakarsu a majalisun dattawa da kan mumbari, amma ba wanda ya tsaya ya yaba musu kan gagarumin aikin da suka yi na korar tsoro daga gari. Kakanninsu ragwaye ne. Mutum da gemunsa, ya hango ɗan doka tafe, sai ya tuɓe takalmi ya rusuna. Yaro kuwa maƙwabci ya zane shi, ya kai ƙara gida, uban ya ƙara masa da nasa. Alhamdulillahi, wannan ƙangin ya wuce. Saurayin yau in ya ga motar 'yan sanda, gyara tsayuwa yake yi, ya busa hayaƙi, ya tambaye su ko ɓatan hanya suka yi.

Ga kuma tausayin iyaye. Ba ya son tsoho ya wahala da ba da umarni, shi ya sa ya sauke masa nauyin gaba ɗaya. Ƙarfe biyun dare yake shigowa, ta katanga, don kada ƙarar ƙofa ta tashi mutanen gida. Wane ɗa ne ya kai wannan ladabi?

A fagen neman na kai ma ba a bar su a baya ba. Jarinsu ɗan bida ɗaya da kujerar baya ta A Daidaita Sahu. A 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, samarin suka karɓi wannan ƙarin girma hannu bibbiyu. Da ƙananan ɓarayi ake kiransu, yanzu hukuma da kanta ta shaida sun zama manya.

Ranar 1 ga Agustan 2024 ce dai ta fi burge ni. Jama'a sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma yunwar gaskiya ce, ba mai musu. Sai wasu haziƙai suka lura da sabuwar cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda ake shirin buɗewa domin matasa. Suka ce tunda tamu ce, me ake jira? Wannan ya saɓa kujera, wancan ya rungumi kwamfuta. Suka hutar da gwamnati ɗawainiyar yanka ƙyalle da jawabin minista. Gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24, kowa ya samu sukunin zama a gida, wasu ma a kan sabuwar kujera.

Sai dai rashin adalci ne a yabi almajiri a manta da malamansa. Jinjina ga uwar da ta yafa mayafi ta tafi Islamiyya ta wanke malam tas saboda bulala biyu, a gaban ɗan. Jinjina ga uban da aka kama ɗansa da wuƙa da hantsi, ya kira wani babba a waya, kafin magariba yaron yana tsakar gida yana cin tuwo. Kada a manta da mai girma ɗan takara, wanda duk kakar zaɓe yake tuna cewa matasa ne ƙashin bayan al'umma, ya cika motoci da su, ya sallame su da abin sayen ƙwaya.

'Yan sanda ma sun ba da tasu gudummawar. Yaro ya taso yana kallon direba na miƙa nannaɗaɗɗiyar takarda a shingen hanya. Ya girma ya karanta "beli kyauta ne" a bangon caji ofis, daidai lokacin da kawunsa ke ƙirga kuɗi a bayan kanta. Wanda ya samu irin wannan karatu tun yana ƙarami, ta ina za a ce bai san darajar kaki ba? Har farashinsa ya sani.

Masu cewa tarbiyya ta lalace su zo su ga yadda ake kyautata wa uwa. Za a ƙwace mata waya a Ƙofar Ɗan'agundi, ta dawo gida tana salati. Ɗan ya ce, "Haba Umma, daina kuka." Kafin sallar isha ya kawo mata wata wadda ta fi tata, da hoton wata baiwar Allah a fuskar. Ta karɓa, ta sa masa albarka, ta ce ya cire mata hoton.