Yadda Za Ka Yi Turancin Manya Ba Tare da Ka Ɗauki Laifi Ba

Idan kana son a riƙa ba ka kujerar gaba a taro, ka rage amfani da aikatau. Aikatau ɗan tonon silili ne, kullum sai ya nuna wanda ya yi abin. Suna kuwa mai rufin asiri ne. Ga yadda ake ƙera shi.

Da farko ka samo wutsiya, wadda malaman nahawu ke kira ɗafa-ƙeya. Mafi sauƙin kai ita ce -ness, 'yar gida tun zamanin Tsohon Turanci. Ka liƙa ta a jikin sifa, kind ya zama kindness, dark ya zama darkness. In kalmar ta ƙare da y, galibi sai ka mai da shi i tukuna, kamar happy da happiness.

In ƙasaita kake so, nemi -tion da -ment da -ity. Waɗannan baƙi ne daga Faransanci da Latin, kuma sun yi kaka-gida ne bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Shi ya sa har yau suke ƙamshin ofis. Sai dai ba sa aiki kyauta, sukan karɓi harajin harafi. Explain ya biya i kafin ya zama explanation, pronounce ya biya o ya zama pronunciation, argue ya biya e ya zama argument. Ka hana harajin, mai duba takardar WAEC ya karɓe shi da jan biro.

Akwai kuma dangin -th, masu taɓa cikin kalma: long ya koma length, strong ya koma strength, deep ya koma depth. High ne ya yi musu tawaye, ya tsaya a height. Kada ka ce sai ka sasanta su, rigimar ta girme ka.

Ka yi hattara da -er. Teach ya ba da teacher, drive ya ba da driver, sai ka ɗauka ka gama gane hanya. Ranar da ka ci tuwon surukarka ka yabe ta da good cooker, ka kira ta murhu ke nan. Mai girki cook ne, ba ƙari.

To, yanzu sai cin moriya. Kada ka kuskura ka ce we did not pay the workers, ka ambaci kanka. Ce there was a delay in the implementation of payment. Ka ga albashi ya maƙale, kuma babu wanda ya riƙe shi. Kuɗi in sun salwanta, misappropriation ne ya faru, kamar yadda ruwan sama ke faruwa.

Amma ranar da aka gina rijiyar burtsatse ko ɗaya ce, ka ajiye duk wutsiyoyin nan, ka kama lasifika da hannu biyu ka ce I built it.