Mutanen Littafin Kanel

A cikin kowace wayar Android da ke aljihu akwai wani ma'aikaci da ba a ganinsa, ba a kuma gode masa. Shi ke raba wa manhajoji lokacin aiki, shi ke yanka wa kowace filinta a ma'adana, shi ke hana WhatsApp taka ƙafar kyamara. Turawa na ce masa kanel, kalmar da a kunne ba ta da maraba da kanar na soja, kodayake asalin ma'anarta ƙwayar cikin ƙwallo ce. In aka fassara ta kai tsaye, masoyanta za su koma 'yan ƙwaya, don haka gara a bar kaza cikin gashinta. An rubuta littattafai kan yadda ake gina wannan abu, galibinsu masu kaurin bulo, kuma masu sayensu jama'a ce mai ban kallo.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai tokare allo. Ya sayi Mac OS X Internals na Amit Singh, wanda ya fito a 2006 da shafi sama da 1,600, ya gano cewa kaurinsa daidai yake da abin da allon kwamfutarsa ke buƙata don wuyansa ya daina ciwo. A kan kanta kuma yana da Operating System Concepts, wanda Abraham Silberschatz da James Peterson suka fara fitarwa a 1983 har ya kai bugu na goma a 2018, wanda ɗalibai ke kira littafin dainoso saboda ƙattin dabbobin zamanin da da ake zanawa a bangonsa. Ya jera shi inda kyamara za ta kama shi a duk taron bidiyo. Ba ya ƙarya. Bai taɓa cewa ya karanta ba, cewa yake yana da shi.

Ƙaninsa shi ne ɗan babi na biyu. Wannan da gaske yake, niyyarsa kyakkyawa ce. Duk farkon shekara yakan ɗauko littafin Andrew Tanenbaum, ya sha babin farko kamar kunu, tarihi ne da gabatarwa. Sai ya iso wurin masana falsafa biyar, matsalar da ta samo asali daga Edsger Dijkstra a 1965. Mutum biyar ne zaune a teburi, taliya a gaban kowa, cokula masu yatsu biyar kacal, kuma ba mai iya ci sai da biyu. In kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, sai a zauna ana kallon-kallo har yunwa ta gama da su. Misali ne na yadda ayyuka a cikin kwamfuta ke riƙe wa juna kayan aiki har komai ya tsaya cik. Ɗan babi na biyu yakan yi shiru ya kalli zanen, ya tambayi kansa me ya hana mutanen nan wanke hannu su ci abincinsu, sai ya sa rasit ɗin kanti a shafin ya rufe. Gefen littafinsa ya isa shaida: siririn layi mai dauɗar yatsa a gaba, sauran fari fat kamar yau aka buɗe kwali.

Tsohon hannu kuwa, ba ya kallon littafi mai launi. Dukiyarsa wata tarin takarda ce da ta koma ruwan ƙasa, hoton hoton hoto, wadda haruffanta suka kumbura har sifili da harafin o suka zama tagwaye. Sharhin John Lions ne, malami a Jami'ar New South Wales da ke Sydney a Ostareliya, wanda a 1977 ya buga wa ɗalibansa kanel ɗin Unix bugu na shida dungurungum, layi bai kai 10,000 ba, ya bi shi da bayani dalla-dalla. Da kamfanin AT&T ya fito da bugu na bakwai a 1979, sai lasisinsa ya hana karantar da lambobin a aji. Littafin ya shiga ƙarƙashin ƙasa, yana yawo daga injin kwafi zuwa injin kwafi, sai a 1996 aka yarda a buga shi a fili. Tsohon hannu ya sayi na halal ɗin ma, amma bai cire masa leda ba. A wurinsa da tsohuwar zuma ake magani.

Hira da shi ba ta wuce minti goma sai ya kai ga layi na 2238, inda marubutan Unix suka bar wata 'yar sanarwa da ke sallamar mai karatu daga wahalar fahimtar abin da ke wurin. Dennis Ritchie, ɗaya daga cikinsu, ya bayyana daga baya cewa ba rainin hankali suka nufa ba, nufinsu wurin ba zai fito a jarrabawa ba. Tsohon hannu ya fahimci wurin, kuma zai bayyana wa duk wanda ya kama, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, da rajistocin na'urar PDP-11 da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi mai sauraren. In aka ce masa malamai a MIT sun sake rubuta wannan Unix ɗin a 2006 da sunan xv6 don ɗaliban zamani, kuma yanzu yana gudana a kan ƙwaƙwalwar RISC-V, sai ya gyaɗa kai irin na wanda aka ce masa an yi kilishi da naman gwangwani.

Akwai kuma 'yan gani-kashe-ni, kuma su ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, sai bibbiyu, don kowane na buƙatar abokin faɗa. Rigimar tasu ta gandu da gayauna ce. Ɓangare ɗaya na son kanel irin na gandu, kowa da komai a fili ɗaya, aiki na sauri, amma in ɗaya ya yi ɓarna kowa ya kwana da yunwa. Ɗaya ɓangaren na son ƙaramin kanel, a ba kowane direban na'ura gayaunarsa a waje, in ya faɗi a tashe shi ba tare da gida ya rushe ba. Tanenbaum, malami a Amsterdam, shi ya kunna wutar a Janairun 1992, da ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne, har ya ƙara da cewa da Linus Torvalds, mai Linux ɗin, ɗalibinsa ne da bai samu maki mai kyau ba. Su biyun sun daɗe da cewa ba gaba tsakaninsu. Mabiyansu ne ba su samu labari ba.

Shekarar 2017 ta ba kowane ɓangare sanda. A Nuwambanta aka wayi gari duka manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi. A shekarar ce kuma ta fito fili cewa Intel ya daɗe yana ɓoye MINIX ɗin Tanenbaum, mai ƙaramin kanel, a wani lungu na ƙwaƙwalen kwamfutocinsa, har malamin ya rubuta wa shugaban kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa da an sanar da shi da ya ji daɗi. A gefe guda, mutumin BSD, Unix ɗin Berkeley, na zaune da littafin su Marshall Kirk McKusick na 1989, yana jira a yi shiru ya tuna wa kowa cewa Berkeley ta riga su. Bangon littafin nasa na ɗauke da wani ɗan jan aljani mai ƙaho da wutsiya da takalmin kambas, zanen John Lasseter wanda daga baya ya ba da umarnin fim ɗin Toy Story. In surukarsa za ta zo, yakan juya shi ya fuskanci bango.

Wanda ya fi kowa ban tausayi, ya kuma fi kowa ban sha'awa, shi ne magajin Torvalds. Ya haddace labarin: ɗalibi a Helsinki ya sayi jan littafin Tanenbaum mai shafi 719, wanda ke ɗauke da layin MINIX kusan 12,000 a bayansa, ya sayi kwamfuta 386 a Janairun 1991, a watan Agusta ya sanar da aikinsa yana ɗan shekara 21. Abin da magajin ke tsallakewa shi ne Torvalds ya fara rubuta manhaja tun yana yaro a kan na'urar kakansa. Shi dai ya riga ya raɗa wa babbar manhajarsa suna, sunansa ne da harafin x a ƙarshe, ya zana mata tambari, kafin ya rubuta layi ɗaya.

Ƙarfe uku na dare za a same shi yana fama da bayit 512 na farkon faifai, waɗanda dole su ƙare da 55 da AA kafin na'ura ta kula su. Ranar da gaisuwarsa ta bayyana a baƙin allo, fararen haruffa a kusurwar hagu, yakan ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwa, su kuma su tambaye shi ko kwamfutar ce ta lalace. Mako na gaba ya shiga rabon ma'adana. Kuskure ɗaya ya haifi na biyu, na biyu ya haifi na uku, na'ura ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, ba saƙo, ba bayani. Aikin na nan, in ji shi, ya ɗan dakata ne. Shekara huɗu ke nan.

Mai tsohuwar taswira ya fi shi haɗari, don shi ya karanta har bango. Understanding the Linux Kernel na Daniel Bovet da Marco Cesati, malamai a Rum, littafi ne na ƙwarai, sai dai bugunsa na ƙarshe na 2005 ne, kan Linux 2.6.11. Mai rabon layin da ya bayyana, wato ɗan kamashon da ke cewa wane aiki zai yi lodi yanzu, an sallame shi a 2007. Wanda ya gaje shi, wanda Robert Love ya yi bayani a littafinsa na 2010, shi ma an canza shi a 2023. Duk mako tara ko goma sabon Linux ke fitowa. Mutumin namu kuwa na tsaye a gaban matasa, murya a sama, yana kwatance da bishiyar da aka sare sama da shekara goma sha biyar da suka wuce.

Kishiyarsa shi ne mai cewa littafi na ragwaye ne, a je a karanta lambobin kai tsaye. A farkon 2025 kanel ɗin Linux ya haura layi miliyan 40. Mai karanta layi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai shafe shekara guda da wata uku. Shi ma a ɓoye yana da Operating Systems: Three Easy Pieces, wanda Remzi da Andrea Arpaci-Dusseau na Jami'ar Wisconsin ke rabawa kyauta, ya sauke shi sau uku a wayoyi uku.

Sai wata da ba a cika lura da ita a ofis ba. Ba ta da ɗariƙa a rigimar gandu da gayauna, ba ta raɗa wa komai suna ba. An ba ta wata na'urar auna zafi da ta ƙi magana da kwamfuta, an ce ana so kafin Alhamis. Ta tashi ta je teburin mai tokare allo, ta roƙe shi ya ɗaga allonsa, ta zaro Linux Device Drivers mai hoton doki yana tutsu, wanda ke ƙarƙashin na Amit Singh. Ta buɗe daga baya, ta bi jerin kalmomi da yatsa, ta karanta shafi goma sha ɗaya, ta duba lambobin yau don ganin abin da ya canza tun fitowar littafin a 2005, ta gyara layi uku. Da la'asar ta mayar da littafin, mai shi ya karɓa da hannu biyu, don tun safe yake aiki a sunkuye.