Masu Taya Tsohon Gado a Achilafiya

Kafinta a Achilafiya zai sayi tsohon gado, ya kankare shi, ya toshe ramukan gara da garin katako da gam, ya shafa fenti har ya riƙa ɗaukar ido. Duk wannan aikin kwana uku ne. Wahalar tana wajen sayarwa, domin a garin da kowa ya san kowa gado ma yana da asali, fenti kuwa ba ya rufe asali.

Wadda za ta fara tona shi ita ce Hajiya mai tarihi. Wucewa take yi za ta gidan suna, sai ta ja birki. Ta shafa kan gadon, ta duƙa ta leƙa ƙafarsa ta hagu. "Malam, wannan ba shi ne aka kai wa yarinyar nan Roni ba? Ai shekarar da aka yi Jigawa aka saya wa uwarta shi." Daga 1991 zuwa yau za ta lissafa maka aure uku da saki biyu a kansa, a gaban wanda ya riga ya sa hannu a aljihu. Sannan ta ce Allah ya ba da kasuwa.

Dillaliya kuwa, ba yadda za ka yi da ita, don rabin cinikin kayan ɗaki a cikin gidaje ake yin sa, inda kafinta ba ya shiga. Kafin alƙali ya ji labarin auren da ke tangal-tangal, ita ta riga ta yi wa kwabar ɗakin kuɗi a zuciyarta. A wajen bazawarar da za ta sayar sai ta taɓe baki: "Yarinya, wa ke yayin wannan yanzu?" Da ta tsallaka gida na gaba, kwabar nan ta zama irin ta da, katakon da ba a samun sa ko a Kano. La'ada ta karɓa nan, ta karɓa can. Kuɗinka kuma sai an kwashi adashi, adashin da kullum saura mutum biyu a zo kan mai sayen. Amma a faɗi gaskiya, ita kaɗai ce ke sayar da sif mai ƙofa ɗaya a karkace, har mai saye ta yi godiya.

Da kaka, in an sayar da gero da riɗi, uwar amarya ke fitowa. Tana son farashin tsoho da kwarjinin sabo. Za ta sa ka naɗe kujerun da leda, ta ce kada a kawo sai bayan isha'i, kuma motar ta zagaya ta shigo ta hanyar Kazaure, don 'yan jere su ce daga birni aka ɗauko. "Ɗan nan, ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka." In ka ji wannan addu'a, to ka san za a rage dubu goma.

Akwai kuma mai gwaji. Da hantsi zai zo ya ce bari ya ji laushin kushin. Ya zauna, ya cire takalmi, ya kira mai gyaɗa, ya saurari labaran rana a rediyonka, ya ɗan runtsa. Sai an kira la'asar zai miƙe ya karkaɗe riga ya ce soson ya fara lotsawa.

Abokinsa shi ne mai tayin wulaƙanci. Ka ce dubu tamanin, ya ce sha biyar, ko kunya babu. Ka ce albarka, ya tafi har bakin titi, ya dawo ya ƙara ɗari biyar. Hujjarsa ɗaya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023: komai ya yi tsada. Shi a ganinsa kafinta kyauta ake ba shi ƙusa da fenti.

'Yan kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure ba su da rigima. Tebur suke so da 'yar katifa, in sun gama shekara biyu su dawo maka da teburin a rabin kuɗi, an rubuce shi da lissafi. Matsalarsu ɗaya, kullum sun tura kuɗin, sabis ne ya riƙe. Ma'aikacin ƙaramar hukuma shi ƙarshen wata yake jira, bai dai faɗi wane wata ba. Na waya sun fi kowa ladabi: ka sa hoto a WhatsApp, mutum arba'in su ce ma sha Allah, ɗaya ya nemi ka ɗauko masa ta gefe da ta baya, ya kai wa kafintansa ya yi masa irinsa.

Shi ya sa masu wayo ke fitar da kaya inda ba a san su ba. Ɗambatta na ci ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, kuma mutumin da ya sayar da bijiminsa yanzun nan ba ya tambayar wa ya taɓa kwana a gado. In ka ce Kasuwar Rimi za ka a Kano, ka shirya: dillalin can zai ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, ya shinshina lungun kujera ya ji warin maganin kuɗin cizo, ya gaya maka ranar da ka fesa shi.

Kafin ka kai ko'ina kuwa sai ka bi ta hannun direban a-kori-kura. Shi a wajensa sif da buhun gawayi duk kaya ne. Zai ɗaure madubi da igiyar da ya ɗaure akuya jiya, ya ɗora fasinja biyu a kan kushin, ya faɗa kowane rami da bisimilla. In madubin ya tsage ya ce ƙaddara ce, ya miƙo hannu a ba shi cikon kuɗin mota.