Waya Ai Waya Ce, In Ji Ku

Na san ku sarai, 'yan "waya ai waya ce". Kun sayo batir, kun ɗora sola a kan kwano a Kutunku ko Dagiri, kun haɗa da fanka mai bolt 12 saboda zafin Gwagwalada na watan Maris, wanda ke koro magidanci tsakar gida da tabarma. Da aka zo kan waya sai rowa ta motsa, kuka tsinko ta tsohuwar rediyon Baba. Yanzu fanka tana juyi kamar mai azumi da la'asar, ku kuma kuna ta tsine wa mutanen Sin.

Ku ƙyale mutanen Sin su huta, ku zo mu yi lissafi, ko da yake na san a aji ma kujerar baya kuke zama.

Fanka biyu da 'yan fitilu, mu ce wat 60. A wutar NEPA mai bolt 230 (har yau bakinmu ya ƙi sabawa da AEDC), abin da zai bi waya kusan rubu'in amfiya ne kawai. A bolt 12 kuwa amfiya 5 ne cur. Batir yana zaure, fanka tana ɗaki, tsakaninsu mita 10. Wuta kuma zuwa take yi ta dawo, mita 20 ke nan. In wayar tagulla ce wadda masu shago ke kira "wan em-em", bolt 1.75 zai zube a hanya. In rabinta ce, 3.5. Sa mai 2.5, asarar ta dawo 0.7.

"Haba malam, bolt biyu har wani abu ne?" Ga attajiri mai 230, ko ya yar da biyu ba zai waiwaya ba. Kai da jarinka duka sha biyu ne, 'yan na-goro suka tare ka a hanya suka zare biyu, da me za ka isa gida?

Akwai kuma gwanin da ya ga lamba 22 a jikin waya, ya ture mai 14, wai babba ya fi. Sannu da ƙoƙari! Wannan awon Amurkawa ne, AWG, kuma a juye yake. Mai 14 ta ɗan haura em-em 2, mai 22 kuwa kashi ɗaya cikin uku na em-em ce.

Kada kuma ƙibar roba ta ruɗe ku. Wata wayar alminiyam ce aka yi wa kwalliya da tagulla, kuma alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla ba wajen ɗaukar wuta. Ku kankare silin da wuƙa tun a gaban mai shago. In fari ya leƙo, ku yi masa sallama.

"To ai bolt 12 ba ya jan mutum." Na yarda. Amma bari jar waya da baƙa su haɗu, batir ya turo amfiya ninkin-ba-ninki, siririyar nan ta yi jawur a bayan katifa. Ku sa fis dab da kan batir.

Har yanzu kuna taɓe baki? Ku ari mitar awon bolt wurin mai gyaran rediyo, ku kunna komai, ku auna a bakin batir, ku sake aunawa a bakin fanka. In lambobin suka zo ɗaya, ku same ni a tasha da daddare, shayi da burodi a wuyana.