Iri-Iren Mazaje a Bencin Ɗakin Allura

Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, ba a rasa namijin da zai shiga rijiya gaba goma ya fito da akuya, ko ya kashe kububuwa da fartanya ya ci gaba da nomansa. Amma akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ya gama tona asirin irin waɗannan mazaje. Wani nazari da aka buga a 2019 ya nuna yawancin yara suna tsoron allura, kuma a cikin samari da 'yan mata da suka mallaki hankalinsu ana samun biyu zuwa uku cikin goma. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a bencin ɗakin allura, ko a Babban Asibitin Gwarzo, ko a asibitin Kabo, ko a ɗakin shan magani na ƙauye, ya san ba kasafai ake jin wani ya ce yana tsoro ba. Kowa da rigar da yake sa wa nasa. Ga kaɗan daga cikinsu.

Sarkin baki

Shi ne mai ba mutane haƙuri a layi. "Haba jama'a, wannan 'yar abar? Ni da aka ɗinke mini ƙafa ina cin gyaɗa!" Har yaron da ke kuka yake yi wa dariya. Sai a kira sunansa. Ya zauna ya miƙa hannu da izza. Malamar ɗakin gwaji ta ɗaure masa damtse da roba, ta ɗan bubbuga jijiya da yatsu biyu, ta goga auduga mai sanyi. Daga nan labari ya yanke. Gumi ya tsattsafo a goshi, leɓe ya bushe, sai ka ji ya tambaya da 'yar murya, "An ɗauke wuta ne?" alhali rana tsaka ce. Kafin a ba shi amsa ya sulale, hula ta yi gabas, shi ya yi yamma.

Ba aljanu ba ne, kuma ba raki ba ne. A jikin wasu mutane, ganin allura ko jini yakan sa zuciya ta fara bugawa da sauri, sai kwatsam ta rage gudu, jijiyoyi su saki, ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, nan da nan zai farfaɗo ya ce, "Wallahi ban karya ba ne yau." Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da dabarar wannan tun shekarun 1980: mutum ya ɗaure naman cinyoyinsa da na cikinsa kamar daƙiƙa 15, ya saki, ya maimaita sau biyar, don jini ya hau. Hannun da za a soka kaɗai zai bari a sake. Sarkin baki ba zai koya ba, don koyon yana nufin ya amsa laifi.

Ɗan tauri

Duk lokacin zafi yana gaban wanzami. A aske masa ƙeya, a kafa ƙaho, a tsattsaga da aska, a zubar da jini baƙi ƙirin a ƙasa, shi kuwa yana cin goro yana taɗin farauta. A asibiti sai ya gyara zama ya ce, "'Yar nan, kada ki yi asarar allurarki. Ƙarfe ba ya cina." Mai allurar kuma, da yake ta saba, sai ta ce, "To Baba, mu gwada. In ta lanƙwashe akwai wata." Ya juya ya riƙe bango, ya ƙanƙame jiki har ɗuwawu ya yi tauri da gaske, wanda shi ne ke ƙara zafin allurar. Kafin ya gama kirarin ubangidansa ta zare ta jefa a kwali. Ya ɗaure tazuge, ya ce, "Dama na kwance layar saboda darajar asibiti."

Mai ciniki

Ya ɗauki ɗakin allura rumfar kasuwa. "Malama, babu ƙwayarta? To na ruwa fa? Guda biyar ta yi yawa, a yi biyu, albarka." Tambayar farko ba laifi ba ce, don cututtuka da dama ƙwaya tana isar musu. Amma akwai inda ba ragi. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani, ƙa'ida ita ce allura aƙalla uku a cikin awa 24 na farko, sannan a bi da ƙwaya ta kwana uku. Mai ciniki zai karɓi ɗaya, ya ji dama-dama, ya ɓace. Bayan mako a dawo da shi a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya, a fara lissafi daga farko har da ƙarin ruwa.

Mai kama ruwa

Ba ya musu da kowa. Yana nan shiru har saura mutum ɗaya a gabansa, sai ya ba na kusa ajiyar katinsa: "Riƙe mini, bari in kama ruwa." Ganinsa na gaba a bayan ɗan acaɓa ne, an nufi Lakwaya.

Ango

Wannan sabon shiga ne. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano: rukunin jini na sikila, ƙanjamau, ciwon hanta da sauransu. Ango ya yi kayan na-gani-ina-so, ya haɗa lefe, ya tanadi sadaki, ya sha alwashi a zance cewa ko wuta zai shiga saboda ita. Ashe ba wuta aka tanadar masa ba. Amarya ta shiga ta fito cikin minti biyu, ta danne auduga a gwiwar hannu, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙawarta suna kallonsa. Shi kuwa ya sunkuya kusa da kunnen ma'aikaci: "Yallaɓai, ba a yi da yawu?" Ba a yi. Kuma dalilin ya fi ƙarfin kunyarsa: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a kan yaron da ciwon ya tasar wa, ya san tsinin allura ɗaya araha ne. A ƙarshe ango yakan miƙa hannu, ba don ya fahimci lissafin ba, sai don ƙawar amarya ta fara ciro waya.

Maniyyaci

Ya sayar da bijimai ya biya kujera, bai girgiza ba. Sai aka ce Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da shaidar rigakafin sanƙarau. Duk addu'o'in da aka koya masa a wajen bita, na hawa jirgi da na sauka, a nan yake ƙarar da su.

Mai lissafin jini

Shi ba tsinin ne damuwarsa ba, abin da ke fita ne. Idonsa na kan sirinji: "Kai, kai! Duk wannan? Ina za ku kai shi?" Babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita biyar, abin da ake ɗiba don gwaji kuwa da ƙyar yake wuce cikin ƙaramin cokali ko biyu. Mai ba da gudummawa ana ɗibar masa kusan rabin lita a leda, ya huta, ya tafi gida da ƙafarsa. Amma mai lissafi zai fito yana dafa bango, ya aika a sayo Maltina da madara da tsiren hanta, ya kwana biyu ba ya zuwa gona. Inda abin ya daina ban dariya shi ne ranar da matar ƙaninsa ke kan gwiwa, likita ya ce a nemo leda biyu cikin gaggawa. A ranar ne za ka ji yana da basir, yana da jiri, kuma wayarsa ba caji.

Masanin majalisa

Yana da hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai masanin yakan tsaya a nan, ba ya ƙarasa labarin. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a dawo ba sai Yulin 2004, a tsakanin nan cutar ta bazu har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka koma aiki da sarakuna da malamai da masu unguwanni, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A 2023 kuma mashaƙo ya fi yi wa Kano ɓarna a duk Najeriya, yawanci a yaran da ba su samu rigakafi ba.

Tambaya haƙƙin kowa ce: wane magani ne, na mene ne, wa ya kawo shi? Amma gane masanin gaskiya da na bogi ba wuya. Na gaskiya in ya samu amsa sai ya naɗe hannun riga. Na bogi in ka amsa masa Pfizer sai ya koma Amurka, in ka amsa Amurka ya koma ƙarshen duniya, duk don kada a zo kan damtsensa.

Uwa mai barazana

A hannunta ake ƙera duk waɗanda aka lissafa a sama. "Ka yi shiru ko in kira mai allura!" Shekara uku yaro yana jin haka safe da yamma, sannan ranar rigakafi a ce masa alewa za a je saya. Ya tashi da darasi biyu: allura horo ce, kuma manya maƙaryata ne. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ba ta da tsada: a rungume yaro a jiki, jariri a ba shi nono lokacin da ake yi, babba a ɗauke masa hankali, kuma kada a ce masa ba zafi. Kakar yaron ma tana da nata tarihin. Ita ce ta shige cikin karan dawa lokacin da masu lambar rigakafin agana suka zo garinsu, aka zaƙulo ta tana ihu. Tabon yana nan a damtsenta, agana kuwa tun 1980 aka shelanta ta bar duniya. Yanzu ita ke ce wa jika, "Tsaya mana, ɗan nema! Mu a zamaninmu ko motsi ba ma yi."

Mayen allura

Kishiyar kowa. In likita ya rubuta ƙwaya kawai, sai ya fito yana tsaki: "Yaron nan bai iya aiki ba." Ya zarce kemis, a ja labule, a zuba masa mai zafi, don a wajensa zafin ne shaidar magani. Shi ya fi kowa buƙatar ɗan tsoro. Allurar da aka yi ba a gurbinta ba takan zama ƙurji mai ruwa, ko ta taɓa jijiyar ƙafa yaro ya tashi da ɗingishi. Wadda aka yi wa wani da ita aka maimaita kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. In dai ba a yage ledar sirinji a gabanka ba, gudu halal ne.

Mai faɗin gaskiya

Ba shi da yawa. Yana shiga zai ce, "Malama, ni fa tsoro nake ji, kuma nakan faɗi." Sai a kwantar da shi a gado maimakon kujera. Ya sha ruwa tun daga gida, ya karya in ba gwajin da ke son a zo da yunwa ba ne, ya zo da abokin da zai ja shi da hirar farashin taki. Ya kau da kai, ya ja numfashi a hankali, ya yi salati. Ba wanda ya yi masa dariya, don bai bar abin dariyar ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mai allurar da kanta

Shekara da shekaru tana cewa, "Saki jikinka, kamar cizon sauro ne." Ta soki hakimai, ta soki 'yan dambe, hannunta bai taɓa rawa ba. Sai ga Maris na 2021, rigakafin korona ya iso Najeriya, aka ce ma'aikatan lafiya ne a sahun gaba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Aka ga Hajiya tana duba kwanan watan kwalba sau uku, tana tambayar ko ba za a fara da masu gadi ba, tana tuna cewa ta bar tukunya a wuta. Ƙaramar ma'aikaciyar da ita ta koya wa aiki ta goga mata auduga, ta ce cikin ladabi, "Anti, saki jikinki." Hajiya ta runtse ido, ta damƙe gefen tebur, ta ce, "Ke, yi a hankali! Ni na san abin da ke ciki."