Kiwon da ba a asara a cikinsa

Masu kiwon kaji a Kaduna kullum cikin kuka suke, ga tsadar abinci, ga zafin bazara da ke kwashe rabin keji a yini guda. Masu tarwada ma haka. Kiwo ɗaya ne ba a taɓa jin wani ya karye a cikinsa ba, tun daga Kawo har Tudun Wada, kuma kusan kowane gida yana da hannun jari: kiwon sauro.

Jarin bai taka kara ya karya ba. Tsohuwar taya a bayan ɗaki, wadda maigida ya ajiye tun yana da mota, wai wata rana za ta yi amfani. Gwangwanin madara, fasasshen bokiti, kaskon ruwan kaji. Uwa uba duro. Da Maris ya kama, famfo ya yi gum, rijiya ta ja baya, sai a koma wa mai garuwa. A cika duro a bar shi baki buɗe, domin murfin Hajiya na shanyar kuɓewa a kai. Macen sauro ba ta neman abin da ya wuce haka. Ta zuba ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 a irin wannan zafi 'ya'ya sun yi fiffike sun kama aiki.

Ba ma iri ɗaya muke ajiyewa ba. Kwatar ƙofar gida, wadda ledar fiyawata ta toshe har ta yi baƙi ƙirin, gidan kuleks ne, mai busa maka sarewa a kunne da tsakar dare. Taya da gwangwani na edis ne, mai ɗigon fari a ƙafa, wanda bai san jiran dare ba, kuma shi ke yawo da zazzaɓin shawara da dengi. Anofilis kuwa, mai maleriya, 'yar gayu ce. Ta fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu: kududdufin ruwan farko, ramin da aka haƙa aka buga bulo aka tafi, da fadamun bakin kogi wajajen Kabala da Rafin Guza.

Da magariba sai makiyayi ya rikiɗe ya zama janar. A rufe tagogi, a feshe ɗaki da sheltos, a ba da umarni kowa ya fita na rabin awa. Ina za a fita? Tsakar gida, kusa da duro, inda rundunar take a jere tana jira. Wanda sheltos ya fi ƙarfin aljihunsa ya kunna igiyar leƙo, ko ya yayyafa fiya-fiya a lungu. Fiya-fiyar nan gubar ƙwarin gona ce, dangin Sniper, wadda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni tun 2019. Amma a wurinmu maganin da bai sa jariri tari ba jabu ne. Can wajen ƙarfe biyu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai ka hangi dattijo mai jikoki, daga shi sai singileti, yana tsalle a kan gado da raket ɗin kashe sauron nan mai caji. Tas! Ya kashe ɗaya, ya juyo yana duban iyali ko za a yaba.

Gidan sauro fa? Ranar rabo har da ture-ture, wata ta rantse 'ya'yanta goma sha biyu alhali uku ne. A kawo gida, a rataya dare ɗaya, a ce zafi, a ce ƙaiƙayi, a ce mutum kamar yana cikin makara. Daga nan ya samu canjin wurin aiki. Ka bi lambunan bakin kogi ka ga irin tumatir yana kwana cikin gidan sauro lafiya lau, mai lambun yana kwana a fili yana marin kansa. Yara sun samu ragar gola, 'yan tsaki sun samu mafaka daga shaho.

Kuma duk wanda ka tambaya, sauron ba nasa ba ne.

"Wallahi Malam, daga gidan Alhaji suke ƙetarowa. Ka leƙa bayan gidansa ka gani."

Shi ma Alhajin gidan mai maganar yake nunawa. Laifi tudu ne. In aka yi zuciya aka yi gayyar yashe kwata ranar Asabar, za a kwaso taɓon a tara shi a bakin kwatar, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a bar shi nan har ruwan sama ya zo ya mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Kada mutanen GRA su yi dariya. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ƙa'idar zamanin Gwamna Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, har da hujjar wai kada sauron talaka ya kai musu. Magadansu na Unguwar Rimi da Malali sun ɗora da doguwar katanga da waya mai lantarki a sama. Sauro bai taɓa tsayawa a get ya gaida maigadi ba. Ba ma sai ya shigo ba, a ciki aka haife shi, a ƙarƙashin tukunyar fulawa da wurin ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki. A da akwai duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ci tara. Yau wa zai leƙa randar wani bai ji "ka san ko ni wane ne" ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ta fi kashewa. Wannan ba abin raha ba ne. Muna tunawa da shi kowace ranar 25 ga Afrilu, da riga da hula masu tambari da dogon jawabi.

In zazzaɓin ya kwantar da mutum kuwa, mangwaro ne ya jawo, ko rana, ko sammu. Asibiti akwai layi, gwaji ɓata kuɗi ne. Sai kemis na bakin layi, inda mai shago ke gane ciwo tun kafin a yi sallama.

"Maigida, maleriya ce da taifot."

"Na sani ai. Haɗa min na kwana uku, ka ƙara da na ƙarin jini."

Na ƙarin jinin dai, na san masu shan sa a daren.